Abin da Ya Shaƙe Mai Dogon Wuya

Duk wanda ya taɓa cin abinci da ƙarfe a garin nan ya san Baba Ƙi-Mutu. Wanda bai san shi ba, to jiya ya zo. Katafila ta taɓa kifewa da shi a gindin dutse, aka haƙo shi ana salati, ya tashi yana tambayar ina hularsa. Fankar inji ta cinye masa yatsu biyu na hagu, ya naɗe hannun da tsumma, sai da ya ƙarasa ɗaure bel sannan ya yarda aka kai shi asibiti. Bai taɓa zama a aji ba. Ko sunansa aka rubuta a jikin bango, wucewa zai yi bai gaishe shi ba. Amma inji ya yi tari sau ɗaya a gabansa, to ya gama tona wa kansa asiri.

Yanzu ya ajiye aiki, ko kuma a ce aiki ya ajiye shi, don shi har gobe bai yarda ya tsufa ba. Ranar da abin ya faru yana zaune a ƙofar gida bisa wata tsohuwar taya, yana kurɓar shayi, sai ga autarsa da goyo, ido ya yi ja. Ta durƙusa ta gaishe shi, gaisuwar ma ba ta ƙarasa ba.

"Baba, za su sallami baban yaran nan daga aiki."

"Me ya yi? Ya taka mutum ne?"

"Wai ɓarawo ne."

Ƙi-Mutu ya dire kofin. "Wa? Wannan da in ya tsinci allura sai ya bi gida-gida yana cigiyar mai ita?"

Ta share hanci da bakin mayafi ta yi masa bayani. Mijinta shi ke tuƙa sabuwar katafilar haƙa ta kamfanin da ke gina babbar magudanar ruwa a bayan gari, wadda ma'aikata suka raɗa wa Mai Dogon Wuya. Bayan tankin gas tana da wani ƙaramin tanki mai shuɗin murfi, ana zuba mata wani ruwa garau kamar na sha, wai shi ke wanke hayaƙi. To kwanan nan motar ta ɗauki wata ɗabi'a. Tana cikin aiki sai fitila ta kama a gaban direba, ƙarfinta ya zube, cokalinta ya riƙa ɗaga ƙasa kamar mai ciwon baya. An gyara ta dawo, an sake gyarawa ta sake dawowa. Shi ne Manaja ya ce ai direban ne ke sayar da ruwan kamfani yana cika tankin da na famfo, kuma yau in an tashi aiki ya ajiye makulli.

"Shi ya aiko ki?"

"Da ya san na zo nan, Baba, da ƙasa ta tsage ya shige."

Tsohon ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar ƙofar da ba ta ga mai ba. Ya leƙa ɗaki ya ɗauko doguwar sukundirebarsa mai mariƙin katako, ya soke a aljihun riga.

Daga tsakar gida uwargidansa ta ɗaga murya: "Ina kuma za ka da wannan ƙafar? Ka dai san motocin yanzu ba irin naku ba ne!"

"Ke ma ai ba irin ta yanzu ba ce, amma har yau ni ke gane ciwonki," ya ce, ya sa kai.

Da ya isa wurin aikin, maigadi ya ƙame ya sara masa, don tun maigadin yana yaron mota ya san shi. Daga shiga ƙofa akwai sito, a bangonsa wani allo mai jerin ƙusoshi inda ake rataye makullai. Gaban siton nan ne makwancin tifofi da tsofaffin katafiloli. Ita kuwa Mai Dogon Wuya tana can ƙarshen fili a bakin rami, inda mutum yake zama kamar ƙuda in ka hango shi daga ƙofa. Can take yini, can take kwana, don kafin ta jawo sarƙar ƙafarta zuwa ƙofa an ci rabin safiya. Ƙi-Mutu ya taka har can, yana tsayawa yana yi kamar duba aikin magina yake, alhali numfashi yake mayarwa.

Ya tarar da mutum uku. Surukinsa na tsaye a inuwar motar, yana ganinsa ya cire hula ya zube ƙasa, ya kasa ɗaga ido. Manaja na gefe da waya a kunne, tumbi a gaba. Sai wata mata cikin rigar aiki da hular kwano, ta ɗora kwamfuta bisa sarƙar motar, ta jona wayarta cikin ɗakin direba. Ita ce injiniyar da masu sayar da motar suka turo.

Manaja ya sauke waya. "A'a, Baba! Yau kai ne a wurinmu? Ai da ka huta. Wannan ba a jin ciwonta da kunne."

"Ɗana, lokacin da na fara kwance inji, babanka bai fara aske gemu ba. Matsa in wuce."

Injiniya ta yi dariya ta gaishe shi. "Kai ne Baba Ƙi-Mutu? Malaminmu na gareji kullum sai ya ba mu labarinka. Na zaci ma ƙara gishiri yake."

"Ragewa ya yi, 'yata. To faɗa mini, me akwatin naki ya ce?"

Ta yi masa bayani ba tare da ta ja shi da nisa ba. Famfo ne ƙarami ke zuƙo ruwan daga tanki, ya tura shi ta siririn tiyo zuwa wani nozul da ke jikin salansa. Nozul ɗin ya fesa shi cikin hayaƙi mai zafi, ruwan ya kashe gubar da ke ciki. A can wutsiyar salansar akwai wata na'ura mai shinshina hayaƙin da ke fita. In ta ji guba ta yi yawa sai ta kai ƙara wurin ƙwaƙwalwar motar, ita kuma ta rage wa inji ƙarfi har sai an gyara.

"Wato ɗan sanda aka sa mata a ciki," in ji Ƙi-Mutu.

"Kusan haka. Abin da kwamfuta ta ce shi ne ruwan ba ya isa salansa yadda ya kamata. Dalilin ne ba ta faɗa ba."

"Dalili ga shi nan tsaye!" Manaja ya nuna direba da waya. "Ruwan famfo yake ɗura mata."

Tsohon ya juya wurin surukinsa. Tun da aka ɗaura auren nan ba su taɓa haɗa ido ba, amma yau ba ranar kunya ba ce.

"Kai, ɗago ka dube ni. Ka taɓa zuba mata abin da ba nata ba?"

"Wallahi, Baba, ban taɓa ba."

"Shi ke nan. Koma ka tsaya."

Injiniya ta buɗe shuɗin murfin, ta ɗebo ruwan da ɗan sirinji, ta ɗiga a kan gilashin wani abin awo mai kama da guntun rake, ta ɗaga shi saitin rana ta kanne ido ɗaya. Ta ce ruwan nan ƙarfinsa daidai yake, ba a sirka shi ba. Manaja ya ce ai dole, tunda ya san yau za a duba. Ta ce ita abin da ke cikin tanki yau kawai za ta iya rantsuwa a kansa, amma ta kwance matatar famfon ta gani, babu datti, babu irin dasashin da ruwan famfo ke bari. Manaja ya taɓe baki.

Ƙi-Mutu bai tsaya musu ba. Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa surukinsa, ya kama ƙarfe ya hau jikin motar, yana ture hannun da aka miƙo a taimake shi. Ya bi tiyon nan da yatsunsa takwas tun daga tanki har salansa, yana matsawa, yana lanƙwasawa, yana neman inda ya tsage ko ya naɗe. Babu. Ya duba kowace mahaɗa ko zai ga alamar yoyo. Babu. Ya zare fulogin wayar famfo ya hura, ya duba ko ya yi tsatsa, ya mayar har ya ji ya ce ƙas.

"Miƙo mini sifana mu ga bakin nozul ɗin."

Da suka ciro shi, sai ga bakinsa ya toshe da wani farin abu mai ƙyalli kamar gishiri ya sha rana. Tsohon ya ƙanƙaro kaɗan da farce ya nufi harshe da shi. Injiniya ta kama hannunsa.

"Haba Baba! Ba a sa wa a baki!"

"'Yata, na kurɓi ruwan batir a zamanin ƙuruciya, batir ɗin ne ya mutu."

Duk da haka ya fasa, ya shinshina kawai, ya yamutsa fuska don abin na da zarni. Ta sa aka kawo ruwan ɗumi mai tsabta a kofi, ta jiƙa nozul ɗin, farin abin ya narke ya bar ƙarfe fes. Ta ce nozul lafiyarsa lau, toshewa kawai yake yi, kuma wanda aka cire wancan karon ma haka aka same shi. Ruwan ne in ya kwana a bakinsa bayan an kashe inji, zafin salansa ya busar da shi ya zama wannan gishirin. Shi ya sa aka yi motar yadda in an kashe ta, famfon zai ci gaba da aiki na ɗan lokaci, ya zuƙe ruwan da ke cikin tiyo ya mayar tanki.

"To famfon ne ba ya zuƙewa," in ji Ƙi-Mutu.

"Ni ma shi na fara zargi. Mu gwada."

Suka mayar da komai. Direba ya hau ya tayar da mota, aka bar ta ta yi zafi. Tsohon ya ɗora bakin sukundireba a jikin famfon, ya manna mariƙin a kunnensa, ya ɗaga hannu. Direba ya kashe inji. Wuri ya yi tsit, sai wani siririn kuka daga cikin famfon, zzzz, kamar sauro a cikin kwalba. Ya daɗe yana yi, sannan muryarsa ta canza, ya yi shiru don kansa.

"Wannan famfon ya fi ni lafiya," ya ce.

"Kwamfuta ma haka ta ce," in ji Injiniya, ta dafe goshi.

Ta goge laifin daga ƙwaƙwalwar motar, Mai Dogon Wuya ta koma rami tana kwasar ƙasa kamar ba ita ba. Manaja bai ko yi murmushi ba.

"Haka take yi kullum. In kuna nan lafiya lau, in kun tafi kwana kaɗan ta koma gidan jiya. Ruwa lafiya, famfo lafiya, tiyo lafiya. To saura wa? Ni na gaji, Baba. Ana tashi ya ajiye makulli, gobe in sa wani."

"Ai ba a tashi ba tukuna."

Manaja ya kaɗa kai ya koma ofis. Ƙi-Mutu ya jawo wata tsohuwar durom ya kifa a inuwar tarin bulo, ya zauna. Ya kira surukinsa ya ce masa ya yi aikinsa yadda ya saba yi kullum, kada ya ƙara kada ya rage, ya ɗauka dutse ne a zaune a wurin. Abin da ke ransa shi ne, duk gwajin da aka yi, an yi shi ne mutane na tsaye a kan motar. Shi kuwa so yake ya ga yadda take yini in babu mai kallonta.

Injiniya ta haɗa kayanta, amma ba ta tafi ba. Ta zauna a bakin motarta tana ta bin zanen wayoyi a kwamfuta, ko akwai inda ta tsallake.

Rana ta yi ta tafiya. Tsohon ya ga an kawo jarkar ruwan daga sito a rufe da hatiminta, ya ga surukinsa ya goge bakin tanki da ƙyalle kafin ya buɗe, ya zuba da mazurarin da ba a taɓa sa wa gas ba. Babu abin kamawa. Inuwa ta yi tsawo, ƙafarsa ta fara zugi, kuma a karo na farko tun safe ya fara shakkar kansa. Ya tuna idon autarsa. Me zai je ya ce mata? Cewa ya hau mota ya sauko, ya yini a kan durom kamar mai gadin bulo? Ya gyara zama ya yi tsaki, ya ce a ransa ba a haifi injin da zai kunyata shi a gaban suruki ba.

Can sai hon ya tashi daga bakin ƙofa. Bas ɗin ma'aikata ce. Nan take fili ya rikice, magina na wanke hannu, leburori na gudu da riguna a kafaɗa. Mai Dogon Wuya ta juyo ta dire cokalinta a ƙasa, inji ya mutu. Ƙi-Mutu ya kasa kunne, ya ji sauron nan ya fara kukansa, zzzz. Direba ya diro daga ɗaki, ya zaga gefen motar, ya buɗe wata 'yar ƙofa, ya murɗa wani jan makulli ya zare. Kukan ya yanke ɗif, kamar an shaƙe wuyan kaza. Direba ya ranta a na kare ya nufi ƙofa.

"Kai! Kai! Dawo nan!"

Muryar da ta taɓa tsayar da tifa a kan gangara ba ta tsufa ba. Direba ya ci birki har yana zamewa, ya dawo yana haki.

"Mene ne wannan a hannunka?"

"Makullin batir ne, Baba."

"Wa ya ce ka zare shi?"

"Doka ce. Tun da aka sace batura a filin nan, Manaja ya ce kowane direba ya yanke wutar motarsa ya kai makullin sito. In mai sito ya rufe ba ka kai ba, laifi ne. Ga bas ba ta jira. Direbobin da motocinsu ke bakin ƙofa, kafin su yi fira su wanke hannu sun zare a tsanake. Ni kuwa daga nan in ban yi gudu ba, a ƙafa zan koma gida."

Injiniya ta riga ta iso. Ta leƙa cikin 'yar ƙofar, ta sa babban yatsa ta murje wani dunƙulen busasshiyar laka kusa da ramin makullin. Sai ga wata 'yar fitila ƙarama kamar ƙwayar wake, da rubutu a ƙarƙashinta.

"Innalillahi," ta ce. "Baba, ka ga wannan? An rubuta kada a yanke wuta sai ta mutu. Kullum yana yanke wa famfon wuta kafin ya gama zuƙe ruwan. Ni kuma duk zuwan da nake yi da rana nake gwadawa in tafi, ban taɓa kaiwa lokacin tashi ba."

"Ni ban san me aka rubuta ba," in ji Ƙi-Mutu, yana gyara hula, "na dai ji an shaƙe ta tana tsakiyar magana. A kira mini Manaja."

Manaja ya zo yana duba agogo, bas na ta hon a bayansa. Ba wanda ya yi masa dogon bayani. Aka mayar da makulli, aka tayar da mota, aka kashe. 'Yar fitilar ta kama, famfo ya ɗauki kukansa. Ƙi-Mutu ya ɗora sukundireba a jikin famfon, ya kama kan Manaja ya manna kunnensa a mariƙin, kamar mai yi wa yaro aski. Suka tsaya. Direban bas ya sake danna hon, wani daga ciki ya yi ihu cewa matarsa na naƙuda, aka kwashe da dariya. Fitilar dai tana nan a kunne. Sai da famfon ya gama don kansa sannan ta mutu.

Manaja ya ɗago. Ya dubi fitilar, ya dubi tazarar da ke tsakanin ramin da ƙofa, ya sosa ƙeya.

"To ai ni ban ce ya zare da wuri ba."

"Ba ka ce ba," in ji tsohon. "Dokarka ma ba ta yi laifi ba, ɓarayin batir ba 'yan uwan kowa ba ne. Amma ka sa wa mutum sito mai rufewa da bas mai tafiya, ka ajiye shi a ƙarshen duniya. Ko ni da ƙafafuna na da, abin da zan yi ke nan."

Injiniya ta ce za ta rubuta wa kamfaninsu abin da aka gano, kuma a riƙa goge fitilar nan kullum. Manaja ya ce daga gobe bas za ta zagayo bakin rami ta ɗauki direba a ƙarshe, mai sito kuma ba zai rufe ba sai jan makullin ya hau ƙusa. Ya juya zai tafi.

"Tsaya, ɗana. Saura ɗaya."

"Me kuma, Baba?"

"A gaban mutane ka kira shi ɓarawo. Ga mutanen can cike da mota, ba sai an tara su ba."

Manaja ya waiga wajen bas. Ya dubi Injiniya, ta sunkuyar da kai tana naɗe wayar kwamfutarta. Suka taka gaba ɗaya har ƙofa, tsohon na tsakiya yana ɗingishi, ba mai iya wuce shi. Manaja ya tsaya a bakin bas ya yi gyaran murya, ya ce abin da aka faɗa a kan direban Mai Dogon Wuya ba haka ba ne, ruwan kamfani ba a taɓa shi ba, shi ne ya yi gaggawa. Ya juya ga direban ya ce, "Gobe ka fito da wuri, aikin ramin nan ya yi baya."

Bas ta ɗauki sowa. Wani magini ya leƙo ta taga ya ce dama shi ya san wannan ko kuɗin cefane matarsa ke riƙe masa, ina shi ina sata. Direba ya rataye makullin a ƙusarsa, ya zo zai durƙusa gaban surukinsa a cikin ƙura.

"Tashi, kada ka ɓata wando. Ka wuce gida kai tsaye, akwai mai jiran labari."

Yaron da ke kujerar gaba ya sauka ba a ce masa ba. Ƙi-Mutu ya hau ya baje, ya ɗora gwiwar hannu a taga. Kafin bas ta hau kwalta ya fara ba su labarin yadda aka yi, kuma a bakinsa tun daga ƙofar gidansa ya jiyo kukan famfon.